Alluran Ɗakin Gabas

Ranar Litinin ce, da ƙarfe takwas da kwata na safe, saura kwana ashirin da uku a ɗaura wa jikata aure, aka yi wa ɗan kwangilar gini iso cikin gidana da ke Tambuwal. Mu uku ne a tsakar gida: ni, da ɗana wanda ya zo daga Sakkwato saboda wannan aiki, da shi maginin, wani dattijo mutumin Jabo mai furfura a gemu da fensir a bayan kunne. Na riƙe lokacin daidai ne domin ƙarfe takwas aka faɗa mini, kuma na dubi agogo sa'ad da suka yi sallama.

Bayan mun gaisa na ce, "Malam, ƙarfe takwas anka ce mani."

Ya ce, "Ai takwas ɗin ce, Hajiya. Ƙiba ta ɗan yi."

Ɗana ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Aikin da aka ɗauko shi ya yi ba mai yawa ba ne. Akwai tsohon ɗakin laka a gabashin gidan, wanda ya daɗe a rufe. Za a gyara rufinsa, a sa masa silin da sabuwar taga, a kankare tsohon yaɓe ciki da waje a yi masa siminti, domin baƙin da za su zo biki daga Kebbe su sami masauki. Bazara ta yi nisa, kowa yana duban gabas, saboda haka aka yi sharaɗi a gama kafin ruwan farko. Ɗana ya damƙa masa aikin, ya damƙa mini shi, ya koma Sakkwato kafin azahar.

A wannan rana kuma na buɗe akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona, na fito da wani zanen gado. Ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai na faɗi tarihin zanen, kuma tarihinsa ya girme shi.

Ina da shekara takwas aka tura mahaifina, wanda malamin asibiti ne, aiki can kudu da mu. Ya sa ni makarantar mishan ta 'yan mata, domin babu wata a garin. Da addinina na shiga, da shi na fito, amma na fito da wani abu ƙari. Akwai wata Baturiya mai koya mana ɗinki, doguwa, ba ta ɗaga murya. Idan yarinya ta kai mata aiki, ba ta duban fuskarsa. Juya shi take yi ta dubi baya. In ta ga ƙulli, ko zare ya tsallaka inda bai kamata ba, sai ta miƙo ƙaramin almakashi ba tare da ta ce uffan ba, yarinya ta koma ta warware. Allura ɗaya ake ba kowa. Wadda ta ɓatar da tata babu ɗinki gare ta a ranar. Durƙusawa za ta yi ta nema har a tashi. Ban taɓa ɓatar da tawa ba. Na ɗauki wannan tsari a kan shi ne gaskiya, na koyar da shi shekaru masu yawa a makarantar firamare, na kuma shigo da shi gidana.

Ɗiyata ta fari ita ce ta fi shan sa. Ban taɓa kiran sunanta ba, bisa kunyar da muka tarar ana yi wa ɗan fari; "ke" nake ce mata. Surukata ta so ta ɗauke ta ta riƙe, kamar yadda aka saba, na hana, domin a ganina babu mai koya mata abu daidai sai ni. Tun tana shekara bakwai, kullum bayan la'asar nakan zaunar da ita a ɗakin gabas, gindin tagar da ke kallon tsakar gida, inda hasken yamma yake sauka. Ita tana kan tabarma da ƙyalle, ni ina kan kujera da littattafan 'yan makaranta. Ta kawo, in juya, in miƙa mata almakashi.

Yarinya ce mai sanyin hali, amma ina ganin tana da aibi guda: ɓatar da allura. Sai ana tsakiyar warwara in ji ta ce, "Inna, allura ta ɓace." Ni kuma in ce, "Nemo ta." Sai ta durƙusa ta dinga shafa tabarma da tafin hannu, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, har a kira magariba. Ba a taɓa samun ko ɗaya ba. Nakan ce mata sakarai. Nakan ce matar da ba ta iya riƙe allura ba, ba za ta riƙe gida ba.

Da ta kai shekara goma sha tara, aure ya zo mata da wani malamin gona mutumin Kebbe, wanda take so, mu ma muka yarda da shi. Na saya mata farin yadi mai kauri domin ta yi zanen gadon ɗakinta da hannunta: fure ɗaya a kowace kusurwa, da jan zare, ganyensa kore. Ta yi na farko, na juya, na warware, na sake shi da kaina saboda lokaci ya ƙure. Haka na biyu, haka na uku. Sai aka yi mana rasuwa a Sanyinna, na tafi na kwana uku. Da na dawo na tarar ta gama na huɗu ita kaɗai. Ta shimfiɗa mini shi a kan gwiwa tana murmushi. Furen ya karkata hagu, kunnuwansa biyu sun fi sauran girma, bayansa kuwa ƙulli ne a kan ƙulli. Na miƙa mata almakashi. Ta karɓa, ta koma gindin taga ta zauna. Jim kaɗan, budurwa mai jiran lalle, ta ce mini da muryar nan ta ƙuruciya, "Inna, allura ta ɓace."

Na ninke zanen, na ce ba zai shiga gidan miji ba sai an gyara shi, na kulle shi a akwati. Aka kai ta Kebbe ba tare da shi ba. Ta zo ganin gida sau biyu, ba ta tambaye shi ba, ni ma ban ɗago maganar ba, ina jiran ta fara. A shekara ta uku zazzaɓi na kwana biyar ya ɗauke ta, ta bar ɗiya tana tatata. Ban yi kuka a gaban mutane ba. Aka yi ta yabon haƙurina.

Wannan ɗiya ita ce jikar da za a yi wa aure. Dangin ubanta ne suka rene ta a Kebbe, takan zo mini hutu. Wata guda kafin zuwan magini ta kira ni a waya, ta ce, "Kaka, ba ni da komi na hannun uwata. Ko tsumma ne, in akwai, shi nika so a kai ni da shi." Na ce akwai. Na ce zanen gado ne. Ta ce, "Ita ta ɗinka?" Na ce ita ta ɗinka. A cikin kusurwa huɗu, ɗaya ce kawai wannan magana ta zama gaskiya a kanta, kuma na san haka sa'ad da nake faɗa.

Makon farko na ba aikin gini hankalina. Wani kafinta ya gama rufi, magini da leburorinsa biyu suka fasa tsohuwar taga suka kafa ta ƙarfe. Da suka tafi cin abinci na ɗaura mabuɗi a bakin zare na saki daga saman tagar, na auna da tef ɗina na ɗinki. Ta kauce da rabin yatsa.

"Malam, a cire ta."

"Hajiya, wanga bango tun ba a haife ni ba shika tsaye a karkace. In na miƙe taga, ita za a ce ta karkace."

"A miƙe ta."

"Wa za shi gani?"

"Ni."

Ya cire hula ya sosa kai, ya juya ga leburorinsa ya ce, "Ku ji tsoron Allah ku yi aiki. Da Hajiya ka duban takardunmu ran gobe ƙiyama, da duk an maishe mu aji ɗaya." Sau biyu ya cire tagar. A na uku zarena ya kwanta a jikinta daidai, ya ce in ba shi maki. Na ce shida cikin goma. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cin shida ba, ya gode. Ba zan ɓoye ba, mutumin ya iya aikinsa, kuma ya fi ni haƙuri.

A ranakun nan zanen yana kan gadona, na wanke shi na goge. Kullum nakan buɗe shi in dubi kusurwa ta huɗu. Na yi ta gaya wa kaina cewa matan Kebbe za su shiga ɗakin amarya su ɗaga komai su duba, za a ce daga gidan malamar ɗinki ya fito. Na gaya wa kaina cewa zan bi zanenta ne kawai in daidaita shi, furen nata ne har yanzu. Ranar Talata ta mako na biyu, da hantsi, na zauna a inuwar darbejiya da almakashi. Zaren ya tsufa, bai yi mini gardama ba. Yana tsinkewa tun kafin in ja. Cikin minti arba'in kusurwar ta koma fara fat. Na tattara guntayen zaren a tafin hannu na zuba a murhu, domin ba na barin shara. Wajibi ne in rubuta abin da na ji a lokacin, ko da yake ba ya yi mini daɗi: sauƙi na ji, irin na wanda ya cire tsakuwa daga takalmi.

Washegari Laraba aka shiga kankare bangon ciki. Bayan la'asar ina alwala na ji ɗaya daga cikin leburorin ya yi salati da ƙarfi, sai ƙarar aiki ta tsaya. Magini ya leƙo, babu wasa a fuskarsa.

"Hajiya, ki taho ki gani."

Leburan yana tsaye riƙe da yatsa, jini yana ɗiga. A gefen taga, inda suka ɓamɓare farar ƙasa da yaɓen sama, bangon ya fito da wasu ƙananan kawuna masu tsatsa, birjik, kamar ƙaya. Magini ya goge ɗaya da babban yatsa. Allura ce, an tura ta cikin laka har ƙarshe, sai kafarta kaɗai a waje.

Ɗaya leburan ya ja da baya har bakin ƙofa, ya ce, "Wallahi sammu ne. Ni ba ni ƙara taɓa wanga bango sai an kira malam."

Magini ya rage murya ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da tambaya. Wa ka kwana ɗakin ga da? Wanga aikin maƙiyi ne. Na taɓa ganin laya cikin gini, na ga ƙaho, amma ban taɓa ganin allura haka ba."

Ni kuwa ina ƙirga su. Talatin da bakwai. Na ƙasa-ƙasa suna daidai kafaɗar yarinya ƙarama da ke zaune a tabarma. Daga nan suna hawa, kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake zana tsawon yaro a jikin ƙofa. Wasu da guntun zare a kafarsu, launin ya koɗe. Ta can sama, ita kaɗai, zarenta ja ne.

Na ce, "Ba sammu ba ne. Na san mai su."

"Tana nan?"

"Ta rasu."

Ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce, "Allah shi jiƙan ta." Bai ƙara tambaya ba. Ya sallami leburorin, ya ce gobe su yi aikin bangon waje.

Na zauna a kan buhun siminti, abin da ban taɓa yi ba. Lissafin ba mai wuya ba ne, kuma ni malama ce. Sau talatin da bakwai yarinyar nan ta faki idona ta tura allurarta cikin bango da yatsa, sannan ta durƙusa a gabana tana neman abin da ta san inda yake, daga la'asar har magariba. Ta auna biyun ta zaɓa. Gwiwa a ƙasa da zagi sun fi mata sauƙi a kan ta warware aikin hannunta ina kallo. Ni kuwa ina zaune taku biyu daga gare ta, da jan biro, ina gyara kuskuren 'ya'yan wasu. Ni da nake alfahari babu ƙullin da ke ɓuya mini a bayan ƙyalle.

Daga yammacin washegari na fara jin wani sauti. Tafin hannu a kan tabarma, a hankali, daga gefe zuwa gefe. Na san leburori suna tankaɗe yashi a waje, na san ƙarar rariya ce. Amma ranar Juma'a ba su zo aiki ba, kuma na ji shi, daga la'asar har aka kira salla.

Na ɗauko zanen na ɗaga shi ga rana. Ramukan allurarta suna nan, ƙanana, sun zana furen yadda yake, da karkatarsa da manyan kunnuwansa. Na yi murna, na ce zan mayar. Na sami jan zare, na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Da na kai rabi na duba, sai na ga furen ya miƙe. Hannuna yana kaucewa da kansa, gashi ɗaya nan, gashi ɗaya can, yana gyarawa ban sa shi ba. Na warware na sake. Na juya baya domin in mayar da ƙulle-ƙullenta, na tarar ban san inda suke ba. Shekaru na yi ina dubansu, amma duban mai neman laifi, ban taɓa lura da yadda ta yi su ba. A gwaji na uku na ga ramukana sun fara cinye nata. Na zare zaren, na ajiye allura.

Magini ya same ni ranar Asabar da safe. Ya ce, "Hajiya, hadari na haɗuwa gabas kullum. Bangon ciki shi kaɗai ya rage. In cire alluran, ko in rufe?" Na ce ya ba ni zuwa yamma, mai ɗakin tana tafe. Ban san dalilin da ya sa na kira ta haka ba.

Jikata ta iso da azahar a motar Kebbe, ta shigo da hayaniyarta.

"Ina tsohuwar ga mai faɗa? An ce kin sa dattijon mutane ya cire taga sau goma."

"Sau biyu."

"To, saura takwas. Kaka, ni dai kada ki auna mijina da zare, ɗan gajere ne."

Ta sha ruwa, ta yi salla, ba ta ko taɓa abinci ba ta ce in nuna mata. Na kai ta ɗakin gabas, domin a can ya kamata. Na shimfiɗa zanen a hannuwanta. Ta shafa furen farko, ta juya bayansa, ta ce, "Kai! Kamar inji. Ni ko maɓalli tela nika kai ma. Ashe haka uwata ta iya?"

Da na yi shiru a nan, da ta tafi da farin cikinta, kuma babu mai rai da zai ƙaryata ni. Na yi tunanin haka, ba zan ce ban yi ba. Amma bangon yana bayanta, ina ganinsa ta saman kafaɗarta.

Na ce, "Wannan nawa ne. Da wannan, da wannan."

"To wanne ne nata?"

Na nuna mata farar kusurwa.

"Nan ba komi, Kaka."

"Ɗaga shi ga taga."

Ta ɗaga. Hasken yamma ya biyo ta ramukan. Na faɗa mata komai bi da bi, kamar yadda na rubuta shi a nan: almakashi, akwati, ranar Talata, murhu. Sannan na juya ta ta fuskanci bango, na faɗa mata sauran. Ba ta katse ni ba. Ta durƙusa ta sa yatsa a kan ta ƙasa, ta bi su zuwa sama ɗaya-ɗaya, bakinta yana motsi. Sa'ad da ta durƙusa ɗin, da bayanta gare ni, sai da na dafa ƙofa.

Da ta miƙe idonta ya yi ja. Ta ce, "Talatar ga da ta wuce?"

"Ita."

"Kwana fuɗu ke nan. Da na taho wancan mako, da na ishe shi."

"Da kin ishe shi."

Na ce zan iya cika kusurwar da fure irin sauran kafin biki, kwana biyu ya ishe ni. Ta ninke zanen, farar kusurwar a ciki, ta rungume shi a ƙirji. Ta ce, "Kada ki ƙara sa mashi allura, Kaka. Don Allah." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Ta leƙa ta kira magini da kanta, ta ce, "Baba, waccan ta sama nika so, mai jan zare." Ya sa filaya a hankali, yana kewaye ta da ƙusa kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro, har ta fito ɗungum. Zaren bai fi gaɓar yatsa ba. Ta ƙulle ta a bakin gyalenta.

Ya ce, "Sauran fa, Hajiya?"

Na ce, "A bar su. A rufe."

"In bi bangon yadda shike, ko in miƙe shi?"

Na buɗe baki da niyyar in ce ya bi shi yadda yake. Abin da na ji ya fito shi ne, "A miƙe shi." Ya ce to. Jikata ta dube ni, ta fita.

Har yau nakan ji sautin bayan la'asar, ba kullum ba. Na daina zuwa dubawa.

An gama ɗakin kwana biyu kafin ruwan farko, bangonsa a miƙe, da allura talatin da shida a cikinsa. An ɗaura auren a ranar da aka sa. Zanen ya tafi Kebbe da fure uku.